Na Iya Keke Tun Ina Yaro, Me Ya Sa Nake Faɗuwa a Turbar Daji?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Edinburgh, daga Zariya. Tun ina ɗan shekara bakwai nake tuƙa keke, da shi na yi sakandare, har goyo nake yi a cikin yashi ban faɗi ba. Ranar Asabar abokan karatuna suka ja ni dajin Glentress, na ari keken wani, muka shiga hanyar da aka yi wa jar alama. Sau uku ina faɗuwa: biyu a kan saiwar bishiya, na ukun kuwa ta saman kan keken na tashi. Kafin mu sauko hannayena sun ƙage. Wani ya ce laifin keken ne, in sayi na fam dubu uku mai shakazoba gaba da baya. Don Allah keken ne ko ni ne? Abin ya shiga raina, ina so in koma, amma ina jin tsoro."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya kiyaye gaba. Kafin mu shiga maganar keke: in ka bugu a kai a faɗuwar nan ta uku, ko kana fama da ciwon kai ko jiri, ko kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, ka je likita ya duba ka tukuna. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji yana cikin waɗanda suka fi karyewa a irin wannan faɗuwar. Hular kwanon da ka sa kuma, in ta daki ƙasa da ƙarfi, ta gama aikinta ko da ba ka ga tsagewa a jikinta ba. Ka gaya wa mai ita don ya canza.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Kana so ka san abin da ya kayar da kai, kana kuma so ka san ko kuɗi zai gyara shi. Na shekara goma sha ɗaya ina hawa a dazuzzukan kwarin kogin Tweed, inda Glentress take, kuma ƙarshen mako nakan fita da sababbin shiga. Daga abin da ka kwatanta, mafi yawan matsalar tana cikin ɗabi'un da tuƙin gari ya koya maka, waɗanda suka yi maka amfani shekara da shekaru a titi amma suke juya maka baya a cikin kurmi. Keken aro yana da nasa kason, sai dai kason nasa ba ya bukatar fam dubu uku, da famfo da sifana ake gyara shi.

Wace irin hanya ce ka shiga

Abin da masu wasan keken tsauni suke nema shi ne siririyar turba, wadda faɗinta bai wuce keke ɗaya ba, tana ratsa tsakanin bishiyoyi, tana hawa tana gangara tana lanƙwasa. Kamar hanyar gona ce ta ƙafa, amma a jikin tudu. A titi kana da fili, in ka kauce taku biyu babu abin da zai faru. A turba, taku biyu bishiya ce ko gangare. Don haka kowane ƙaramin kuskure yana fitowa fili nan take.

Glentress tana kusa da garin Peebles, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da Edinburgh, kuma tana cikin wuraren hawan keke na kudancin Sikotland da ake kira 7stanes. An raba hanyoyinta da launi: kore ta masu farawa, shuɗiya ta matsakaita, ja mai wuya, baƙa ta ƙwararru. A dajin nan aka yi tseren keken tsaunuka na gasar zakarun duniya a watan Agustan 2023, inda Tom Pidcock ya ci na maza, Pauline Ferrand-Prévot ta ci na mata. Na kawo wannan ne don ka san abokanka sun tsallake da kai aji biyu a ranar farko, a wurin da ba na wasa ba. Wanda ya faɗi sau uku kacal a jar hanya ranar da ya fara, ya kuma sauko da ƙafarsa, yana da hannu a keke. Shekarunka na Zariya ba su tafi a banza ba: daidaita jiki, sanin yadda taya take rawa a yashi ba tare da ka firgita ba, ƙarfin cinya, duk kana da su. Kiɗan ne ya canza, rawa kuma dole ta bi shi.

Birki, inda nake zaton ka fi cutuwa

Yawancinmu an rene mu da gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa birkin gaba, zai wurga ka. Kekunan da muka taso da su kuma birkinsu na roba ne mai matse bakin ƙarfen taya, sai ka damƙe shi da yatsu huɗu da iya ƙarfinka kafin ya kama, in ruwa ya taɓa shi ma sai addu'a. Keken tsauni na yanzu birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, irin na babur da mota. Yatsa ɗaya ya ishe shi. Hannun da ya saba damƙa da yatsu huɗu, in ya razana ya damƙi wannan, tayar gaba tsayawa take yi cak, mai keke kuma ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Ina kyautata zaton haka ka tashi ta saman kan keken.

Akwai kuma wani abin da ba a cika gaya wa baƙo ba. A Birtaniya hannun dama ne birkin gaba, kamar a babur. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai hagu ne. In mai keken da ka ara ya zo da shi daga wata ƙasa, ko ya saita shi yadda ya saba, mai yiwuwa ka matse gaba kana zaton baya ne. Duk keken da za ka hau, ka tura shi a ƙasa ka matse kowane hannu ka ga wace taya ce ta tsaya.

Ga yadda abin yake aiki. Duk lokacin da ka rage gudu, nauyinka da na keken yana komawa gaba. Tayar gaba sai ta ƙara dannuwa a ƙasa ta ƙara riƙo, ta baya kuma ta yi sauƙi. Shi ya sa mafi yawan ƙarfin tsayawa yana gaba, shi ya sa kuma birkin baya shi kaɗai a gangare ba ya tsayar da kai, jan taya kawai yake yi tana kartar ƙasa. Wanda yake tsoron birkin gaba yakan yi ta jan na baya har gudu ya fi ƙarfinsa, sai a ƙarshe ya cafki na gaba gaba ɗaya cikin firgici. Maganin shi ne ka saba da shi tun kafin ka bukace shi da gaggawa: ka riƙa matsa duka biyun tare, a hankali kana ƙarawa, kamar mai matse lemo, kana sauke diddige kana tura nauyinka cikin feda.

Tun asalin wasan ma birki ne matsalarsa ta farko. A gundumar Marin ta Kalifoniya, a shekarun 1970, wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tudu da tsofaffin kekuna masu birkin feda. Tseren da suka fara a 1976 sunansa Repack, wato sake cusawa, domin zafin birki yana ƙone man da ke cikin cibiyar tayar baya, sai an sake cusa wani bayan an sauko. A cikinsu ne Joe Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki a 1977, kafin kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981. Abin da suka sha wahala a kai, kai yanzu yana ƙarƙashin yatsanka manuni.

Ƙagewar hannunka ma daga nan take. In yatsu huɗu suna kan birki, babban yatsa kaɗai ya rage yana riƙe da kan keke, sai damtse ya yi ta aikin da ba nasa ba. Ka kwance maƙallin birkin ka matsar da shi ciki, yadda manuninka zai sauka daidai kan lanƙwasar ƙarshensa, sauran yatsu uku su zagaye mariƙi. Aikin minti biyar ne. Na ga mutane da yawa da wannan kaɗai ya raba su da ciwon hannu.

Ido

Keke yana bin ido. Wannan ita ce maganar da na fi maimaitawa ga duk wanda na fita da shi, kuma ita aka fi saurin mantawa da zarar tsoro ya shigo. In ka ga dutse a tsakiyar turba ka ƙura masa ido don kada ka buge shi, shi za ka buga. Kai yana juyawa inda ido ya tafi, kafaɗa ta bi kai, hannu ya bi kafaɗa. Don haka ka ga dutsen sau ɗaya, ka ɗauke ido, ka sa shi a kan ratar da kake so ka bi.

Sabon shiga yana kallon abin da ke gaban tayarsa. Abin da ya kai nan kuwa ya riga ya wuce gyara. Ka ɗaga haɓa ka duba gaba, kamar tafiyar daƙiƙa biyu ko uku, in gudu ya ƙaru ka ƙara nisa. Za ka ji kamar an rage wa duniya sauri. Akwai wata yarinya ’yar jami'a da na taɓa fita da ita, tana tsayawa a kwana ɗaya kullum, tana sauke ƙafa. Sai na je na tsaya a mafitar kwanar na ɗaga yatsu, na ce in ta shigo ta faɗa mini nawa na ɗaga. Ta ce uku, ta wuce ni, sai da ta yi nisa ta gane ta sha kwanar ba ta sauke ƙafa ba. Babu abin da ya canza a keken ko a ƙarfinta.

Wani tarko kuma shi ne bin bayan aboki kurkusa. Idonka sai ya maƙale a tayarsa ta baya, ba ka ganin hanya, kana kuma tafiya da gudunsa alhali ya fi ka sanin wurin. Ka bar tazara mai kyau. In sun yi nisa, za su jira ka a mahaɗa, haka al'adar take.

Tsayuwa a kan keke

A gari muna zaune daram a sirdi, keke yana ɗauke da mu. A gangaren daji zama shi ne haɗari, domin duk abin da tayar baya ta taka, sirdi zai miƙa maka shi ya cilla ka gaba. Da zarar hanya ta fara gangara, ka miƙe. Feda biyu su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, don kada ta ƙasa ta kama dutse ko kututture. Diddige ƙasa kaɗan, gwiwoyi a sake kuma a buɗe, gwiwar hannu a lanƙwashe tana kallon waje, ƙugu a karye, haɓa sama da tsakiyar kan keke. Nauyinka duka a ƙafa, hannu riƙo kawai yake yi. In ka tsaya daidai, za ka iya motsa yatsunka a kan mariƙi ba tare da ka ji kana faɗawa gaba ko baya ba.

Ƙafafunka da hannayenka su ne shakazoba mafi tsawo da kake da ita, sun fi ta kowane keke nisan lanƙwasa. Ka bar keken ya yi rawa a ƙarƙashinka, kai da ƙirji su tafi a miƙe, kamar yadda mai tallan nono take tafiya a kan kunya da kwazazzabo, ƙafa da ƙugu suna aiki, ƙwarya ba ta motsi.

Za ka ji wasu suna cewa a gangare ka koma baya can, ka rataya bayan sirdi. Shawara ce ta zamanin gajerun kekuna. Kekunan yanzu dogaye ne, in ka gudu baya hannunka zai miƙe, tayar gaba ta rasa nauyi, ta daina riƙe ƙasa, ka kasa juya ta. Ka yi ƙasa, ka zauna a tsakiya. Wannan kuma ba ya yiwuwa in sirdi yana sama yana tokare ka, don haka a sauke shi kafin gangare. Yawancin kekunan yanzu suna da maɓalli a hannu mai sauke sirdi da ɗaga shi ana cikin tafiya. A ganina bayan birkin faifai babu ƙirƙirar da ta taimaki mai koyo kamar wannan.

Saiwa

Nan zan ɗan daɗe, domin ita ta kayar da kai sau biyu, kuma ita ce abin da babu kamarsa a tuƙin da ka saba. Dazuzzukan nan yawancinsu dashe ne na itatuwan katako masu ganye kamar allura, kuma da yawansu saiwarsu ba ta nutsewa sosai, shimfiɗuwa take yi kusa da saman ƙasa. Tayoyi suna goge ƙasar da ta rufe ta, su goge ɓawon, ya rage farin itace sumul. In ruwa ya sauka a kai, wanda a Sikotland kusan kullum ne, santsinta kamar sabulu a kan siminti.

Taya tana da riƙo ƙayyadadde, kuma ayyuka uku ne suke rabon sa: birki, juyawa, da tura feda. A busasshiyar ƙasa riƙon yana da yawa, kana iya haɗa biyu lokaci guda ba ka sani ba. A kan jiƙaƙƙiyar saiwa kusan babu komai, don haka duk wanda ka nema a cikin ukun, taya za ta zame. Abin da ya rage shi ne ka ratsa ta ba ka neman komai daga gare ta. Ka rage gudu tun kana kan ƙasa kafin ka iso. Ka saita keken ya fuskanci saiwar kai tsaye, ya gicciye ta, kada ya bi tsawonta ko ya zo mata a karkace. Ka saki birki duka biyu. Ka ɗan danna keken ƙasa dab da ita sannan ka sassauta, yadda za ka wuce a kanta da sauƙin nauyi. In ka sauka kan ƙasa a wancan gefen, ka sake kama birki in kana bukata.

Sakin birki a daidai wurin da ka fi jin tsoro shi ne abu mafi wuya a wasan nan, kuma ba na raina wanda ya kasa. Ni ma a shekarata ta farko wata saiwa a gefen tudu ta kwantar da ni a kan ƙugu, na yi mako biyu ina ɗingishi, kuma na san yatsana yana kan birkin gaba lokacin. Tafiya a hankali ƙwarai ma tana da nata haɗarin: taya tana daɗewa a kan santsi, ƙaramar saiwa ma tana iya tokare ta. Ɗan gudu madaidaici, kamar na mai sassarfa, ya fi aminci.

In saiwoyi sun yi yawa kamar taru, ka nemi tsibiran ƙasa da ke tsakaninsu, a nan za ka taɓa birki ko ka gyara hanya. In turbar ta karkata gefe, ka shiga ta sama, domin duk zamewar da za ka yi ƙasa za ta kai ka, gara ka bar wa kanka wuri. Kuma taya za ta ɗan zame wani lokaci ko ka yi komai daidai. In jikinka a sake yake, takan zame tsawon tafin hannu ta sake kamawa. In ka sandare, zamewar ta zama faɗuwa. A nan ne yashin Zariya zai yi maka rana, domin jikinka ya riga ya san wannan rawar.

Kwana kuwa ƙa'idarta kusan ɗaya ce: birki kafin a shiga, ido a mafita. A Glentress za ka ga kwanoni da aka tayar wa gefen waje kamar cikin ƙwarya, musamman a gangaren Spooky Wood na jar hanya. Ka shiga ta sama-sama, ka kwanta tare da keken, bangon zai riƙe ka. A shimfiɗaɗɗiyar kwana marar bango, fedar waje ƙasa, nauyi a kanta, ka kwantar da keken fiye da jikinka don haƙoran gefen taya su ciji ƙasa.

To, keken fa?

Abu na farko da zan duba a keken da ka ara shi ne iska. Mu mun saba mai faci ya buga taya ta yi tauri kamar dutse, a ƙwanƙwasa a ji tana ƙara. A titi daidai ne. A daji taya mai tauri tsalle take yi daga saiwa zuwa saiwa, ƙaramin wuri kawai take taɓa ƙasa. Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.5 marar tub, nakan fara da kamar psi 22 a gaba da 25 a baya (psi shi ne awon ƙarfin iskar taya), in ƙara ko in rage daga nan. In da tub a ciki, a ƙara kaɗan don kada bakin ƙarfe ya cije shi a kan dutse. Ka sami ma'auni, kada ka dogara da matsawar yatsa. Sai shakazoba: iskarta ana saita ta ne da nauyin mai hawa, yadda in ka tsaya a kai ta gaba za ta nutse kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tsawonta. In mai keken ya fi ka nauyi sosai, ba za ta nutse maka ba, kamar sandar itace ka hau. Sai girman keken kansa, ko ya dace da tsawonka.

Game da saye, ra'ayina kada ka saya yanzu. Akwai wurin haya a bakin dajin, ka yi haya sau uku ko huɗu ka tabbatar son nan mai zama ne, ka kuma gane girman da ya dace da kai. In ka tashi saye, keke mai shakazoba a gaba kawai, mai nutsewar milimita 120 zuwa 140, da birkin faifai mai mai, da sirdi mai sauka, da tayoyi masu kyau, zai kai ka ko'ina a shuɗiya da jar hanya na tsawon shekaru. Na hannu ma ya isa, in ka duba jikinsa babu tsagewa, sandunan shakazoba babu karce, ka kuma nemi rasit da lambar jikin keken, domin satar keke ta yi yawa a biranen nan. Ka guji masu arhar nan na manyan kantuna da ake jera wa sifirin gaba da baya, nauyi ne kawai da ado.

Ba na cewa mai shakazoba biyu ba shi da amfani. Yana da shi ƙwarai: yana rage gajiya a doguwar tafiya, yana riƙe ƙasa a kan duwatsu, yana yafe kuskure. Ni ma shi nake hawa a gangaren Innerleithen da ke gaba kaɗan. Amma ba zai ɗaga maka ido ba, ba zai cire maka yatsa daga birki a kan saiwa ba. Abin da zai yi shi ne ya ba ka damar isa wurin kuskuren da gudu mafi yawa. In kana da kuɗin kashewa yanzu, ka sa su a hular kwano taka ta kanka wadda ta zauna maka daidai, da makarin gwiwa, da safar hannu, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai kama feda, sannan darasin yini ɗaya wurin mai horarwa mai takardar shaida. Wanda zai tsaya ya kalle ka zai ga abin da ni ba zan iya gani daga wasiƙa ba.

Dajin kansa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a yankin nan, cikin kurmi kuma duhu yana riga ta. Ka fita da wuri. Ka ɗauki rigar ruwa, da wata rigar ɗumi a jaka ko da kana jin zafi wajen hawa, domin gumi yana zama ƙanƙara a jiki da zarar ka tsaya, kuma wanda ya ji rauni yana kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa sanyi ne yake fara cin sa. Ruwa, dabino ko wani abin ci, tub, famfo, ƙaramin kayan kwance-kwance. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowa, domin waya ba ko'ina take kamawa ba. In babban abu ya faru, a kira 999, a nemi ’yan sanda, a ce ana bukatar masu ceto na tsauni. Lokutan salla a hunturu suna matsowa kusa da juna, ni nakan yi alwala kafin in fita in kuma tsara inda zan tsaya a gefen babbar hanyar motocin katako. Da azumi kuwa ba na shiga hanya mai wuya, domin hankali ne yake fara gajiya kafin ƙafa.

Dokar 2003 ta Sikotland ta ba kowa damar shiga yawancin filaye da dazuzzuka a ƙafa ko a keke, da sharaɗin ya yi da mutunci. Dajin wurin aiki ne, ana sare itace a ciki, in ka ga an rufe hanya ka yarda. Bayan guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 an daɗe ana janye bishiyoyin da suka faɗi a kan hanyoyi da dama. Ginannun hanyoyin keke gefe ɗaya ake bi, kada ka juyo ka hau ta inda ake gangarowa. In za ka tsaya, ka fitar da kanka da keken daga turba, kada ka tsaya bayan kwana. Ka wanke laka daga tayoyi kafin ka tafi wani dajin, domin akwai cutar itatuwa da take bin taɓo. A lokacin zafi kuma ka duba jikinka da yamma saboda kaska, cizonta yana iya kawo cutar Lyme.

In ka koma gida hutu da wannan sha'awar, za ka sami wani yanayin dabam. Na hau a kewayen duwatsun Shere da ke Jos: busasshen dutse yana riƙe taya sosai, amma tsakuwa da ƙurar rani a kan ƙasa mai tauri suna zamewa kusan kamar saiwa, ƙaya kuma tana sa taya marar tub mai ruwan liƙi ta zama dole. Hanyoyin can na mutane ne, manoma da masu itace da shanu, kai ne baƙo, kai za ka tsaya ka yi sallama. Ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin ka shiga.

Inda sanina ya tsaya, da abin da zan so ka yi

Ban ga hawanka ba, ban ga keken ba, don haka duk abin da na faɗa game da dalilin faɗuwarka kirdado ne daga abin da na saba gani. Tsalle da faɗawa daga tudu kuwa ba zan koya maka su a rubuce ba, sai da mutum a tsaye kusa da kai. Ka bar su tukuna, kowane irin wuri a ginannun hanyoyi ka duba shi da ƙafa kafin ka hau, in bai kwanta maka ba ka tura keken ka wuce. Masu shekara ashirin a wasan ma suna yin haka.

Asabar mai zuwa, in jiki ya warware, ka yi hayar keke daidai tsawonka, ka ce a saita maka iska da shakazoba da nauyinka. Ka sami fili mai ciyawa ka yi minti ashirin kana gudu kana tsayawa da yatsa ɗaya: baya kaɗai, gaba kaɗai a hankali, sannan duka biyun, har ka ji yadda kowanne yake kamawa. Daga nan ka bi koriyar hanya a tsaye, ko da kana ganin ta yi maka sauƙi, sannan shuɗiya. In ka sami ƙaramar saiwa a wuri shimfiɗaɗɗe, ka tsaya a nan ka ratsa ta sau goma, kana sakin birki, idonka a kan bishiyar da ke gaba. Ka nemi ɗaya daga cikin abokan naka, mafi haƙurinsu, ya biyo ka a baya maimakon ya ja gaba. Jar hanya ka ba ta wata ɗaya ko biyu. In ka dawo ka rubuto mini yadda hannayen suka yi, da psi nawa aka sa maka.